Ranar da Na Wanke Motar Alhaji da Toka

Jiya a wurin wankin mota na tsaya kan yaran ina ta ba da umarni: kada a goga da ƙarfi, a fara jiƙa ƙurar tukuna. Jikata ta ce, "Kaka, kai ka ƙirƙiro wankin mota ne?"

Nan take na tuna tarihina.

Gab da samun 'yancin kai, ina saurayi a Azare, maƙwabcinmu Alhaji mai sayen gyaɗa ya sayo baƙar mota, kana ganin fuskarka a jikinta. Ni kuwa burina ya koya mini tuƙi. Ranar da ya dawo daga Disina motar duk taɓo, na ce dama ta samu.

Ban tambayi kowa ba. Na ɗebo toka da yashi da soso, na dirje ta iya ƙarfina.

Da ta bushe, baƙin nan ya koma fururu, ko'ina zane.

Alhaji ya zagaya ta sau biyu.

"Habu, da me ka wanke ta?"

"Toka da yashi, Alhaji. Haka Inna ke wanke tasa."

"To, tuwo za mu ci a kanta?"

Bai dake ni ba. Ya miƙo mini tsumma mai laushi, ya ce kullum da safe aikina ke nan. A motar na koyi tuƙi, ina kallon ɓarnata ta gilashi.

Har na tsufa ina tuƙi, amma tsofaffin unguwarmu Habu Mai Toka suke kirana.

Ku fa, wace gwaninta ce ta taɓa kunyata ku?