Damunar da Muka Hana Fumfuna Shiga Ɗakinmu

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara yawo a hannun mutane, aka gina wa ma'aikata wani bene a Wudil, kan hanyar da ke gangarawa gada. Mu aka ba ɗaya daga cikin sassa biyu na ƙasa. Ina koyarwa a firamare, maigidana kuma malamin gona ne, aurenmu bai fi shekara ba. Ni da na tashi a gidan ƙasa a Indabo, sai ga ni da famfo a cikin ɗaki, da fanka, da katifar soso, da jan kafet da Malam ya ɗauko tun daga Kano. Ko baƙo ya zo, kafet ɗin yake fara nuna masa.

Tsakiyar damuna muka tafi suna Indabo, muka kwana biyu. Ashe maƙwabcinmu na sama ya murɗa famfo lokacin da aka ɗauke ruwa, ya manta bai rufe ba, shi ma ya yi tafiya. Da muka dawo da hantsi, tare da Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta biyo mu ganin gida, muna buɗe ƙofa ruwa ya biyo ƙafafunmu. Bango ya jiƙe tun daga sama, kafet kuwa in ka taka sai ya yi tsartuwa.

Malam ya ce a tsane da tsumma a ja ƙofa, ba sai unguwa ta ga kayanmu a waje ba.

Gwaggo ta dafa bango da tafin hannu, ta ɗaga gefen kafet ta sunsuna.

"Malam, kai da ka san rumbu," in ji ta. "In aka rufe dawa da laima a jikinta, me ake tararwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Fumfuna, Gwaggo."

"To, ɗaki ma haka ne. Kwana uku ya ishe ta."

Kafin azahar mun fitar da komai. Katifa a kan katanga, atamfofin lefena a igiya, littattafan Malam a buɗe kan tabarma, kowanne da ɗan dutse a kai saboda iska. Matan bene suna leƙowa, ban ɗaga kai ba. Muka wanke daɓe da ruwan zafi da sabulu, muka buɗe tagogi duka. Gwaggo ta hura gawayi a kasko biyu ta ajiye kusa da bango, ta ce kada wanda ya rufe taga ko ya zauna a ciki muddin akwai garwashi. Ta zuba busasshiyar toka a kwanuka ta jera a kowace kusurwa, in ta dunƙule a sauya. Duk sa'ad da aka kawo wuta, sai in juya fanka ta fuskanci bango.

Wahalar ita ce hadari. Wata rana sau uku muna kwasar kaya a guje muna sake shanyawa. Hannuwana suka yi kanta, hayaƙi ya kama mini ido.

Rana ta huɗu mai kula da gidajen ya zo da masu fenti, wai an ce a gyara duk inda ruwa ya taɓa. Maƙwabciyata ta ɗaya sashen, wadda ita ma ruwan ya jiƙa mata ɗaki, ta yi murna, aka shafe mata bango da shuɗi mai kyau. Da suka iso ƙofata na tsaya a bakinta.

"Ku yi haƙuri, bangon bai bushe ba."

"Malama, a ido ya bushe sarai."

Na nuna masa dabarata. Kowace safiya nakan liƙa fallen takardar makaranta a bango, da la'asar in ɓanɓaro. Na miƙa masa ta ranar, ta yi laushi kamar ganyen da aka turara. Ya juya ta, ya dubi Malam, yana jiran ya tsawata mini.

"Yadda ta ce ɗin," in ji Malam.

Washegari Malam da kansa ya ɗauki wuƙa ya yanke gefen kafet ɗin da ya fara wari, kusan kamu biyu, ya kai bola. Na san abin da ya ji.

Sai rana ta goma sha biyu takarda ta fito ƙamas, har tana ƙara in an lanƙwasa ta. Na kai wa Gwaggo, ta murza ta a kunne, ta yi dariya ta ce a kawo farar ƙasa. Mu uku muka shafe ɗakin.

Bayan wata guda fentin maƙwabciyata ya kumbura, baƙaƙen ɗigo suka fito a bayan gadonta, takalman mijinta suka yi kore, jaririnta ya kama tari. Namu bangon ko tabo babu. Mai kula da gidajen ya yi sallama a ƙofarmu, ya gaida Malam, sannan ya tambaya ko Malama za ta nuna wa leburorinsa yadda ta yi. Na ce sai bayan an tashi makaranta. Da yamma na ɗauki kasko na shiga sashen maƙwabciyata, muka mayar da ita da jaririn ɗakina, maza huɗu suna tsaye da abin kankare bango suna jiran in ce ga inda za a fara.