Saukar da Muka Yi a Zariya

Har yau in na ratsa kasuwar Birnin Kudu na ji ƙamshin ɗanyar citta, sai in ji kamar ƙasa tana gudu a ƙarƙashin ƙafafuna. Bari in ba ka labarin.

Mu mutanen Dingaya ne, a ƙasar Gwaram, inda jirgin ƙasa sai dai a baki. Ina gab da gama firamare matar baffana ta haihu a Kafancan, inda yake sayar da hatsi. Kakata, wadda muke kira Inna, ta ce sai ta je suna. An gama girbi, dawa ta shiga rumbu, don haka babana bai hana ba. Aka haɗa ta da ni, saboda idonta ya fara rauni, ni kuma ina ɗan karanta boko. Babana ya raka mu a mota har tashar jirgin Kano, ya yankar mana tikitin zuwa da dawowa, 'yan kwalaye masu tauri da ba su cika tafin hannuna ba. Ya sanya mana ranar da zai zo ya tare mu, ya ce, "Yadda kuka tafi haka za ku dawo. Kada ku sauka ko'ina sai Kano."

Aka yi suna lafiya. Da za mu taho, baffa ya cika mana kwando da citta, ya kuma kawo shawara mu bi jirgin da ke bi ta Bauci, tunda daga can gida ya fi kusa. Ya je tasha ya tambaya, aka ce masa tikitin Kano hanyarsa ɗaya ce, ta Kaduna da Zariya. In muna son Bauci sai dai a yanki sabo. Baffa ya dawo yana tsaki. Inna kuwa na ga ta sunkuyar da kai tana murmushi, ban gane dalili ba.

Sai da muka bar Kaduna, hantsi ya ɗaga, kara da tuddai suna wucewa ta taga, ta taɓa gwiwata ta ce, "'Yar nan, a Zariya za mu sauka."

Ashe tana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tafi Zariya neman ilimi tun tana amarya, ya zauna can yana koyarwa. Rabonta da shi tun kafin a haife ni. Labari ya iso mata cewa yana kwance. Ba ta gaya wa babana ba, don ta san zai ce ta bari sai ya sami sarari ya kai ta da kansa, ita kuwa tana ganin ciwon tsoho ba ya jiran sarari.

Na shiga lissafi a raina. In muka sauka tikitin ya mutu, wa zai kai mu gida? Na tambayi wani mai goro da ke zaune gabanmu, ya ce da zarar ƙafarmu ta taɓa ƙasa kwalin ya zama shara. Wata mata mai goyo ta ce ba haka ba ne, ana sauka, amma a tafiya kawai, ban da dawowa. Kan ka ce me, rabin taragon ya shiga gardamar, kowa da abin da ya ji an ce. Na juya bayan tikitin, rubutun ƙanana ne, Turancin kuma ya fi ƙarfina. Inna kuwa tana ta ɗaure bakin kwandonta.

Can sai ga mai duba tikiti, wani dattijo mai furfura a gemu. Na miƙe na gaya masa komai. Ya dubi kwanan watan, ya dubi Inna, ya ce, "Hajiya, za ku iya sauka. Amma kafin ku fita daga tasha ku je wajen shugaban tasha ya buga muku hatimi a baya. Ku koma jirgi kafin wa'adin tikitin ya cika, kuma gaba za ku yi zuwa Kano, ba baya ba." Ya nuna mini ranar da yatsa, ya sa na maimaita.

Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Sannan ta roƙi mai goyon nan, wadda Kano za ta, ta bar saƙo wajen direbobin motar Gwaram cewa mun tsaya Zariya gaida mara lafiya.

Aka buga mana hatimi. Muka shiga birni muna tambayar gidan malamin nan mutumin ƙasar Gwaram, har wani mai gyaran keke ya nuna mana zauren. Yana kwance kan tabarma, ya rame, idanunsa sun rufe gaba ɗaya, ba ya gani. Inna ta yi sallama daga bakin ƙofa. Ya ɗago kai a hankali, ya kira ta da wani suna da ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba. Ta saki kwandon ta durƙusa ta ce, "Ni ce, Yaya." Ya laluba ya kama hannunta, suka daɗe a haka.

'Yan kwanakin da muka yi, ita ke dama masa kunun tsamiya da cittar da muka zo da ita. Matan gidan sun ce ya jima bai sha da yawa haka ba. Da la'asar sukan zauna suna lissafa mutanen ƙauye, wa ya rage, wa ya riga mu gidan gaskiya, wani lokaci har da dariya. Ni kuwa kullum da safe sai na kwance bakin zanin Inna, inda ta ƙulle tikitin, na duba ranar nan.

Ranar komawa muka shiga jirgi, sai ga wani mai duba tikitin daban, matashi mai ɗaure fuska. Danshin goron da Inna ta ƙulle tare da kwalayen ya sa tawadar hatimin ta baje. Ya juya su, ya ɗaga su wajen hasken taga. Sai ya ce, "Hatimin Zariya ne," ya huda su ya miƙo mini. Na zauna, gumi ya jiƙa mini ɗankwali.

Saura fargaba ɗaya: ko saƙonmu ya isa? A tashar Kano na hango hular babana cikin jama'a. Saƙon ya same shi, ya yi ta zuwa tasha duk ranar da jirgi zai shigo. Na jira faɗa. Ya karɓi kwandon daga kaina, ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce, "Inna, yaya jikin Kawu?" Shi ke nan abin da ya ce.

Kafin ruwan farko ya sauka aka aiko mana da rasuwar malam. Inna ta yi kuka, amma kuka ne mai sauƙi, tana yi tana hamdala.

Yanzu 'yata takan shiga sabon jirgin nan in aiki ya kai ta Abuja. A waya take yankar tikiti, da lambar kujera da sa'ar tashi, babu mai gardama da kowa a tarago. Na yarda an sami sauƙi. Amma kwanaki na tambaye ta ko mutum zai iya sauka a hanya ya kwana biyu ya ci gaba. Ta ce, "Umma, a sauka a yi me? Ai sai a kira mutum a waya." Ban yi mata musu ba. Na dai san malam bai ga fuskar ƙanwarsa ba, hannunta ya riƙe.