Ɗauko Inna daga Taman Melati

Kota Kemuning, kafin asuba

Na tayar da mota saura kamar rabin awa a kira sallar asuba, kiran da a tsakiyar shekarar 2021 ba ya tara kowa, domin masallatan Malesiya a rufe suke. Hajara, matata, tana zaune a bakin gado da jaririn kwana huɗu a cinya, ƙafafunta a kumbure. Ba ta yi mini doguwar addu'a ba. Cewa ta yi, "Malam, in ka ɗauko ta ka sa ta a gaba. Bayan mota yana tayar mata da zuciya."

Wadda za a ɗauko ita ce Inna Talatu, mahaifiyar abokin karatuna Bashir. Ta zo ziyarar 'yan watanni don ganin jikoki, annoba ta rufe iyakoki, sai ta zama uwar duk wata Bahaushiya da ke Taman Melati. Duk wadda ta haihu, Inna ce ke yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, ta kwana a ɗakinta tana yi mata faɗa har ta yi arba'in. A da benenmu ɗaya da ita, tana hawa na huɗu muna na biyu. A wannan asubar kuwa akwai kilomita arba'in da ɗoriya a tsakaninmu.

Ga 'yan'uwa na gida da ba su san yadda aka yi ba, ga shi a taƙaice. 'Yarmu Rumaisa ta isa shiga babbar sakandare. Ni kuma digiri na uku nake yi a kan yadda ake auna ingancin makarantu, don haka na ɗauki al'amarin kamar wani babi na kundina. Da aka ɗan sassauta dokar kulle sai na zaga makarantu, na duba sakamakon jarabawa, na leƙa ajujuwa. Wata da ke nan Kota Kemuning ta kere sa'a: ɗakunan gwajin kimiyya har uku, ɗakin karatu mai darduma, ga wurin ninkaya. Na kama haya kusa da ita. Hajara tana da ƙaramin ciki a lokacin, tambaya ɗaya ta yi mini.

"Wa na sani a can?"

"Haba, ai bai wuce Kano zuwa Wudil ba," na ce. "Duk ranar da kika so sai mu je."

Muna tarewa aka sake rufe makarantu. In aka tattara kwanakin da Rumaisa ta yi a cikin ginin nan mai kyau, da ƙyar su cika wata guda. Daga baya doka ta ce kada kowa ya wuce kilomita goma daga ƙofar gidansa sai da izinin 'yan sanda. Wudil ta koma Makka.

Shingen farko

Babbar hanyar da kullum take cunkushe na same ta wayam, ni kaɗai sai motocin dakon kaya. Na yi sallah a gefen mota a wani gidan mai, mai gadi yana kallona daga nesa, kowa da takunkuminsa. Ba da jimawa ba na iso shingen 'yan sanda a bakin wurin biyan kuɗin hanya. Wani dattijon ɗan sanda mai furfura a gira ya haska takardar izinin da na samo jiya, ya karanta dalilin tafiya: ɗauko mai kula da matar da ta haihu.

"Pantang?" ya tambaya.

Haka Malayawa ke kiran nasu jegon, su ma da ruwan ɗumi da ganyaye da tsohuwa mai faɗa. Na ce ƙwarai, shi ne. Fuskarsa ta saki, gwargwadon abin da takunkumi ya bari a gani. Ya ce matarsa ta yi sau biyar, kuma duk sau biyar ɗin surukarsa ce ta mulki gidan.

"Amma me ya kai ka nesa da mutanenka haka, boss?"

"Makarantar yarinya."

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Makaranta ai a rufe take, lah."

Na yi masa godiya bisa wannan bayani. Ya ce, "Boleh," ya ɗaga mini hannu na wuce.

Titiwangsa

Gari ya fara wayewa sa'ad da na ratsa tsakiyar birni. Dogayen benaye duk a tsaye, babu mai shiga babu mai fita. Jirgin ƙasa ya wuce ta samana da fitilunsa a kunne, na ƙirga mutum biyu a ciki. Ina daf da tashar Titiwangsa wayata ta yi ƙara, na gangara gefe. Bashir ne.

"Yaya Auwalu, kana ina?"

"Titiwangsa. Ka ce wa Inna ta fara saukowa."

"Yaya, an zagaye mu. Da asubar nan sojoji suka zo da waya mai ƙaya. Wai an samu masu cutar da yawa a benen. Mako biyu, ba shiga ba fita, kuma sai an gwada kowa."

"Ai ina da takarda."

"Ni ma ina da takardu, Yaya. Har da na digiri."

Hankali ya ce in juya. Amma mutumin da ya yi tafiyar kilomita talatin bai cika sauraron hankali ba in saura goma. Na hau titin da ya ratsa Setapak na ci gaba.

Taman Melati

Na ajiye mota a gaban jerin kantunan da ke fuskantar tsohon benenmu. A saman ɗaya daga cikinsu akwai 'yar ƙaramar makarantar da yawancin 'ya'yan mutanenmu ke zuwa, wadda na taɓa leƙawa na fito ina girgiza kai, don ɗakin gwajinta bai fi kicin ɗinmu ba. Ita ma a rufe take. Ɗalibanta suna gida gaban kwamfuta, daidai da Rumaisa, sai dai su in an tashi darasi suna da matakalar bene da za su zauna su yi hira.

Wayar nan mai ƙaya an naɗe ta zagaye da benen, tana walƙiya sabuwa fil. Soja biyu a ƙofa, ga rumfar ma'aikatan lafiya cikin fararen kaya. Na ɗaga kai. A barandar hawa na huɗu ga Inna Talatu tsaye, ta sha mayafinta na fita, jakarta a kan bango kusa da ita. Na kira Bashir, ya miƙa mata salula.

"Malam Auwalu, ka ganni nan. Tun jiya na ɗaure kaya. Ko barcin kirki ban yi ba."

"Na gan ki, Inna. Sannu."

"Kai ne da sannu. Yaya 'yata?"

"Da sauƙi. Ƙafafun ne dai."

"Wa ke yi mata wanka?"

"Ita ke yi."

"Wa ke riƙe yaron in ta shiga?"

"Ni, ko Rumaisa in ba ta aji."

"Aji," in ji Inna. Ta bar kalmar ta ɗan sha iska. "Ɗan nan, ka kwashe mini yarinya ka kai ta bayan duniya saboda bokon da ake yi a talabijin. Da nan kuke, hawa biyu zan sauko, ko takalmi ba sai na sa ba."

Idona ya sauka a barandar hawa na biyu, tamu ta da. Wasu ne suka shanya kayansu, har da ƙaramin keke a jingine. Daga nan tagogi suka fara buɗewa, matan abokai suna leƙowa suna ɗago hannu, ana ta aiko da barka daga hawa uku da hawa biyar. Wata ta ce a gaya wa Hajara an riga an haɗa mata turaren wuta. Na tsaya a titi ina amsa barka kamar mai karɓar gaisuwa a filin idi.

Inna ta ce ta dama kunu tun kafin asuba, yana cikin fulas, ga kuma yajin jego da ta daka. Na je wajen sojan ƙofa na roƙe shi da duk Malayancin da na mallaka. Yaro ne mai ladabi. Ya ce kaya suna iya shiga, amma ko cokali ba ya fita. Ya ba ni haƙuri sau biyu, ya koma inda yake tsaye.

"To shi ke nan, buɗe kunnenka," in ji Inna. "Ka samo gero da kanwa da ganyen darbejiya. Kanwar kaɗan, kada ka zuba kamar mai gini, likitocinku sun ce tana da illa kuma na ji. Ruwan ma kada ya ƙona ta, ba kaza za a fige ba. In ka isa ka kira ni, ka ba ni Rumaisa. Kai ba ka da amfani a banɗaki."

Ta sauke jakar daga kan bango. Ina kallo ta cire mayafin ta ninke, ta shige ciki.

Setapak, a hanyar dawowa

Kantin Alhaji Ɗanjuma, wanda ke sayar wa ɗalibai kayan miyar gida, ƙofarsa rabi a buɗe. Yana ganina ya fara.

"A'a, mutanen Kemuning. Yaya ninkaya? An ce har da darduma a laburare."

"Alhaji, kanwa nake nema, da gero."

Da ya ji abin da ya faru sai ya bar zolayar. Ya auno gero, ya ɗauko ɗan ƙullin kanwa daga ƙasan kanta, ya ce ita ce ta ƙarshe, kaya ba sa zuwa daga gida. Ringgit ashirin da biyar ya karɓa na gero da yaji, kanwar ya ce ta mai jego ce. Darbejiya kuwa ya tura ni wajen wata Ba'indiya da ke sayar da furanni a gefen wurin ibadarsu. Ta tambaye ni ko ƙyanda ce ta kama yara, don su abin da suke yi da ganyen ke nan. Na ce haihuwa ce. Ta ƙaro mini dami guda, ta ɗora 'yar igiyar fararen furanni a kai.

A wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, na yi tapau, wato aka ƙunshe mini gurasarsu da shayi, don an hana zama a ci. Na ci a cikin mota, ganye a kujerar gaba, inda Hajara ta ce a sa Inna. A shingen dawowa wani matashin ɗan sanda ya leƙo, ya shinshina damin, ya tambaya ina fasinjar da takarda ta ambata. Na nuna masa ganyen. Bai ƙara tambaya ba.

Gida

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da na isa. Na tarar da Rumaisa a teburin cin abinci, rigar makaranta a sama, zanen gida a ƙasa, malaminsu yana nuna musu ta kwamfuta yadda wani ruwa ke sauya launi a ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin nan uku. Ta dubi bayana, ta dubi ganyen.

"Abba, where is Inna?"

Hajara ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ta riga ta ji, matan bene sun kira ta. Ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓi furannin ta ajiye.

Na kira Inna na ba Rumaisa. Yarinyar ta rufe kwamfutar ana tsakiyar darasi, abin da da wata rana ce da na yi mata lacca a kai. Aka jingine salula a tagar banɗaki. Ina falo riƙe da jariri ina jin muryar Inna tana tashi.

"Tsoma gwiwar hannunki ki ji. Gwiwar hannu na ce, ba yatsa ba. Ke da Hausa nake miki magana."

"Inna, ya yi zafi small."

"To sirka. Yanzu tsoma ganyen, ki kaɗa mata a baya. A hankali, uwarki ce, ba tabarma ba."

Can na ji Hajara ta yi dariya, ta farko tun da muka dawo daga asibiti. Dariyar ba ta daɗe ba ta koma wani abu dabam, sai Rumaisa ta ja ƙofa.

Ni na dama kunun, Inna tana ba da umarni, ya fito da gudaji kamar an zuba tsakuwa. Hajara ta sha rabin kofi. Na zauna ina ba ta labarin sojoji da wayar da aka naɗe benen da ita, ina so in nuna mata cewa ko ba komai mun tsira daga wannan.

"Mako biyu fa, ko ƙofa ba za su fita ba," na ce.

Ta juya kofin a hannunta. "Da muna can, Malam, da tare da su aka rufe mu."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Yadda mutum ke ambaton wani alheri da ya wuce shi ta faɗa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ya kuma fitar da Inna da mutanen benen lafiya bayan an kwance wayar. Na gode wa Alhaji Ɗanjuma, da mai furanni, da dattijon ɗan sandan da ya gaya mini gaskiya kyauta. Ragon suna a Kano yayana ya yanka, mu huɗu muka ji addu'ar ta salula. Kafin a sake ba ni izinin tafiya, Hajara ta kusa arba'in, ta ce in bar Inna ta huta. Makarantar kuwa har yanzu mai kyau ce. A wancan makon na bi ta ƙofarta zan je sayen madara, na ga an aske ciyawar filin tsaf.