Garin Ƙashi Cokali Biyu

Mu biyar ne a tsakar gida ranar: ni, da ɗana, da ɗiyarsa mai karatu a Gusau, da ƙanena da ya zo daga Bungudu yana dogara sanda, sai matarsa. Shi ƙanen nawa bara ya karye a cinya, aka ɗora, ɗorin bai zauna daidai ba.

Wata huɗu yarinyar nan tana wahala. Ƙashin shanu take karɓowa wajen mahautanmu na Tsafe, ta dafa a tukunyata har gida ya ɗauki ƙarni, ta shanya, ta kai makaranta su ƙona, su jiƙa da ruwan magungunansu. Duk abin da ya fito bai wuce cokali biyu ba, fari fat, a 'yar kwalba. Ta ce ido ba ya ganin ƙwayarsa guda. Washegari za ta miƙa shi a auna.

Uban ne ya ja mana. Bakinsa ba ya ajiya.

"Kawu, ɗiyata ta haɗa maganin ƙashi!"

Ƙanena ya gyara zama, ya miƙo kofin kununsa. Tun tana goye yake kiranta amarya.

"Amarya, zuba wa mijinki kaɗan."

"Kaka, ba sha ake yi ba. Likita ne zai cike gurbin ƙashi da shi, in an gwada an ga ya yi. Ko a ɓera ba a gwada ba tukuna."

"To ga ni. Ai na fi ɓera."

Matarsa ta matso da tafi buɗe. "Ko na shafawa ne a tsakuro. Wa ke hana na gida magani?"

A wajenmu kam ba a hanawa. Sai na ga hannun yarinyar ya kai kan murfi, idonta ya kawo ruwa. Karatu har jami'a, amma a'a guda ɗaya ta gagare ta! Uban kuwa sai murmushi yake kamar shi ya haɗa.

Na fizge kwalbar, na dubi ƙanena.

"Ƙashin shanu ne. Tun kana yaro kake gwigwiyarsa, mi ya ƙara maka?"

"Yaya, rowa za ki yi mini?"

"Rowar ce. A tukunyata aka dafa shi."

Ya ajiye kunun bai ƙarasa ba, suka kama hanyar Bungudu ko sallama babu. Ɗana ya fara, "Inna, ai da ko ɗan…" Na ce ya rufe mini baki.

Da safe ɗan nawa ya fito da babur wai shi zai kai kwalbar. Ban yarda da aljihunsa ba. Na ƙulle kwalbar a bakin zanena, na shiga mota tare da yarinyar har Gusau, ban kwance ba sai a ƙofar ɗakin da suke aikin.