Kwamfutocin Aro a Cibiyar Dakta Almu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Dakta Almu, kuma bana ne karo na farko da na gode wa Allah da bai ja kwanansa ya ga wani abu ba. Na san maganar ba ta dace da bakin ƙanwa ba, amma ku bari in kai ƙarshe.

A Gangara aka haife mu, ƙasar Sabon Birni. Tattalin arziki Yaya ya karanta, ba injiniya ba ne. Ko fitila ce ta lalace a gida sai ya kira mai gyara. Amma da manyan kwamfutoci suka fara shigowa ma'aikatu da jami'o'in Arewa, irin waɗanda guda ɗaya ke cika ɗaki, shi aka riƙa kira ya tsara cibiyoyinsu. Shi ne mai tambayoyin da kowa ke gudu: wane aiki za ta yi, wa zai riƙe ta, ina wuta, wa zai gyara? Sai an amsa masa yake yarda a sauke na'ura daga mota. Ya sha baƙin jini a kan haka, har abokan aiki suka laƙaba masa Dakta Ba-yanzu-ba. Bikin yanke ƙyalle kuwa, da an sa rana sai ya tsiri ciwon kai.

Da ya yi ritaya, burinsa a samu irin wannan wuri a gida, domin 'ya'yan fatake masu kai kaya Nijar da 'ya'yan makiyaya su iya bin farashin wake da na dabbobi tsakanin naira da sefa, ba sai abin da dillali ya ga damar faɗi ba. Bai rayu ya gani ba.

Bana sai ga wani ɗan siyasa, wanda ba zan ba shi darajar ambaton suna ba, ya gina cibiyar koyon kwamfuta a garin Isa ya sa mata sunan Yaya. Aka ɗauki Hadiza, 'yar marigayin da ta karanci kwamfuta, a matsayin malama. Na yi kukan murna, ba zan ɓoye ba. Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, maroƙa suka yi ta wasa mutumin da bai taɓa son kirari ba. Muka shiga muka ga kwamfutoci jere a tebur suna ƙyalli. Babu wadda aka jona da wuta, igiyoyinsu ma suna naɗe cikin leda. Aka zaunar da ɗalibai, yawancinsu 'ya'yan waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, aka ce su ɗora yatsu, aka ɗauki hoto.

Bayan la'asar na koma ɗauko jakata, sai na tarar ana mayar da kwamfutocin cikin kwalayensu ana lodi.

Na ce wa direban motar, “Kai, ina za ku da su?”

“Hajiya, gobe akwai buɗe wata cibiya can gaba. Su na munka kai wancan gari makon jiya.”

“To, ɗiyan ga hwa?”

“Ai an ɗauki hoto,” in ji shi, ko a jikinsa.

Mun san aron tabarma da tukunya ranar suna, a mayar washegari. Ban san an kai ga aron kayan karatu ba. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Da Yaya na nan ba zai ɗaga murya ba. Zai cire tabarau ya tambayi mai gayyar nawa ne cikin yaran suka san inda ake kunna kwamfuta, kuma na tabbata shi ma mai gayyar bai sani ba.

Hadiza ta yi watanni tana koyarwa da alli, ana ta yi mata alkawarin kaya na hanya. Maimakon kaya, sai umarni ya zo: a yaye ɗalibai, ta sa hannu a takardun shaida cewa sun ƙware. Ta same ni a gida, ta zauna a bakin tabarma.

“Gwaggo, an ce in sa hannu ko in aje aiki.”

“Ke mi kinka gani?”

“Yaran ga ko kunna kwamfuta ba su iya ba. In sunka tahi neman aiki da takarda mai sunan Baba, anka aza musu na'ura gaba, mi za su yi? Wallahi ba ni sa wa.”

Albashin nan shi ke riƙe da gidanta, tunda gonar mijinta ta gagara zuwa saboda rashin tsaro. Ta san haka fiye da ni. Ta ƙi, aka sallame ta, kuma kafin mako ya zagayo an samu wanda ya sa hannun. Abin da ya fi ba ni takaici, wasu iyayen yaran har gida suka bi ta suna cewa baƙin ciki take yi wa 'ya'yansu.

Yanzu kowa ya gan ni sai ya ce sunan Dakta ya dawwama, tunda ga shi da manyan baƙaƙe a jikin gini. Ginin nan a kulle yake, awaki ke shan inuwarsa, kuma ni ban ga Yaya a ciki ba. Abin da ya rage nasa yana wani ɗan gida a Isa, wurin wata mata da ta koma ɗinkin hula saboda ta ƙi a yi ƙarya da sunan ubanta. Allah ya jiƙan Yaya, ita kuma Allah ya ba ta abin da za ta ɗora a wuta gobe.