Wanda Ya Faɗi Zaɓe Shi Ke Hawa Tsani

Duk wanda ya taɓa cin soyayyiyar tarwaɗa ranar Juma'a a garin Tullis, can kudancin jihar Jojiya, to girkin Otha Bledsoe ya ci. Tun da ya ajiye aiki a kamfanin gyaɗa shi ke suya a bayan zauren tsofaffin sojoji. Sai ya jiƙa kifin da madara mai tsami, ya birkiɗa shi cikin garin masara da barkono, ya saka a mai, ya tsaya a kai kamar mai gadin banki. Ba ya barin kowa ya taɓa masa ludayi. Matarsa Verlene kan ce ta haifa masa 'ya'ya, ta yi jinyar uwarsa, amma har yau bai ga ta cancanci sanin yawan gishirin ba.

A gonar auduga aka haife shi, gonar wani farar fata da ubansa ke nomawa a raba amfani. Yana ɗanyen saurayi aka kwashe su zuwa yaƙin Biyetnam, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Verlene ta ce shi ne kunnen da yake juyo mata in tana magana. A lokacin zauren sojoji biyu ne a garin. Na farare yana bakin babban titi, ginin jan bulo, na baƙaƙe kuwa yana bayan layin dogo. Wata shekara guguwa ta yi awon gaba da rufin na bayan layin dogo. Sai Dell Hutchins, wani fari mai jan wuya da suke ɗaukar buhu tare da Otha a kamfanin gyaɗa, ya miƙe a taronsu ya ce a bar mutanen nan su shigo. Aka yi ta cacar baki, daga ƙarshe aka yarda. In an yaba masa, Dell kan ce shi ba don Allah ya yi ba, kifin Otha ya ɗanɗana.

A zauren akwai tuta, saman tutar kuma akwai ƙusa guda, can kusa da silin, inda ake rataye hoton shugaban ƙasa. Soja ba ya zaɓar wanda zai sara wa. Kowa ya shigo sai ya ƙame ya sara kafin ya nemi kujera. Zaɓen farko bayan haɗewar, saura ƙiris a ba hamata iska a kan wa zai canza hoton, don kusan duk fararen 'yan jam'iyya mai alamar giwa ne, baƙaƙen kuma 'yan jam'iyya mai alamar jaki. Kwamandan zauren na lokacin, wani tsoho mai saurin fushi, ya buga tebur ya yanke hukunci: wanda ɗan takararsa ya faɗi shi zai hau tsani ya rataya hoton wanda ya ci, wanda ya ci kuma ya riƙe masa tsani ya kama bakinsa. Aka bi hukuncin, ban da batun kama baki.

A hankali abin ya zama na mutum biyu, Otha a madadin 'yan jaki, Dell a madadin 'yan giwa. Otha ya hau tsanin nan fiye da yadda yake so ya tuna. Yana sama da hoton mutumin da ko sunansa ba ya son ji, Dell na ƙasa yana washe baki.

“Goge masa gilashi, Otha. Ubangidanka ne.”

“Riƙe tsani, tsohon banza. In na faɗo a kanka zan sauka.”

Shi ma Dell ya sha hawa. Akwai shugaban da ya rataya hotonsa yana zaginsa tun daga matakin farko har na ƙarshe: maƙaryaci, mai bin mata, mai bakin zuma. Ya sauko ya ƙame ya sara, ya ce, “To, shugabanmu ɓarawo, Allah ya shirye ka.” Otha ya yi dariya har da hawaye. Haka suka tsufa tare, suna kamun kifi a kwale-kwale ɗaya, kowa na kiran ɗan'uwansa jahili. Da matar Dell ta rasu, a teburin Verlene ya riƙa cin abincin Lahadi bayan an taso coci.

Sai ga shekarar da baƙar fata ya ci zaɓe. Otha bai yi tsalle ba, gwiwa ma ba za ta bar shi ba. Verlene ce ta yi kuka a gaban talbijin tana kiran sunan uwarta da ta mutu ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba. Shi kuwa ya sayi hoto, ya sa aka yi masa firam na katakon kirki, ya jira. Juma'ar da ta biyo bayan rantsarwa ya ɗauko tsani daga bayan a-kori-kurarsa, ya jingina a bango, yana ta shirya baƙaƙen maganganun da zai yaɓa wa Dell.

Dell bai zo ba. Wai mura. Juma'a ta gaba wai gwiwa. Da ya dawo sai ya shigo ta ƙofar baya, ya zauna ya ba bangon baya. Wani ya riga ya sauke tsohon hoton, ƙusa ta zauna tsirara, mutane na shigowa suna sara wa tuta kawai. Otha ya ci gaba da jira. Kowace Juma'a zai jingina tsani, ya ajiye hoton a kan firij, ya tafi suyarsa. In an tashi ya kwashe kayansa ya koma gida.

“Kai ma da neman magana,” in ji Verlene wata safiya tana zuba masa kofi. “Ka hau ka rataya abinka mana. Ko ka sa wani.”

“Ni na faɗi zaɓe?”

“To zauna jiran Dell. Na gaya maka tun tuni, fari yana iya cin kifinka shekara da shekaru, ranar da aka ce ya sara wa mai kama da kai sai gwiwa ta tashi.”

“Dell ba haka yake ba.”

“Ka tabbata?”

Bai tabbata ba, abin da ke cinsa ke nan. Hoton bai dame shi ba, shugaban ƙasa yana can fadarsa bai san da wani garin Tullis ba. Abin da yake so ya sani ɗaya ne: mutumin da suka yi rabin rayuwa tare, jam'iyya ce ta hana shi hawa tsani ko fata? In jam'iyya ce, wannan tsohon wasa ne, sun saba. In kuwa fata ce, to Otha bai san wa ya riƙa zama da shi a kwale-kwale ba duk shekarun nan.

Ya kuma lura da wani abu. Dell ba ya zagin wannan shugaban. Ba maƙaryaci, ba ɓarawo. Sai dai ya ce “mutuminku”, ya kawar da kai, ya maimaita abin da ya kwaso a rediyon motarsa, wai ba a ma san inda aka haife shi ba, wai ba irinmu ba ne.

Wata Juma'a da yamma Dell ya zo da farantinsa bakin kasko, babu kowa kusa. Otha ya ci gaba da juya kifi.

“Yaya gwiwa?”

“Da sauƙi.”

“Na gan ka a kan rufin garejinka ranar Talata.”

Dell ya yi ja har kunne. “Otha, kar ka soma. Ba abin da kake tunani ba ne. Mutumin nan zai kashe mu da haraji, zai ƙwace bindigogi, zai...”

“Shugaban baya da ka rataya hotonsa ma haka ka ce, ka kuma hau.”

“Wannan daban ne.”

“Me ya sa ya zama daban?”

Dell ya miƙo farantinsa. “Ni ne fa na shigo da ku zauren nan,” ya ce.

“Na sani. Ban manta ba, ko na so mantawa ba ka bari. Ni ban ce ka so shi ba, Dell. Ka zage shi. Ka zage shi yadda ka zagi na baya, kana kan tsani.”

Dell ya karɓi kifinsa ya tafi. Ranar Lahadi kujerarsa ta zauna babu kowa a gidan Verlene, ita kuwa ta ɗauke farantinsa.

Bazara ta shigo ƙusa na nan yadda take. A zauren akwai wani Royce, dillalin taya, irin mutanen da in sun yi wasa su ke fara dariya. Wata Juma'a ya riga kowa zuwa, ban da Otha da ke can baya wajen suya, ya tarar da tsanin Otha a jingine, ya hau ya rataya nasa hoton. Fuskar shugaban ce aka ɗora a jikin biri, da ayaba a hannu.

Mutane suka fara shigowa. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wasu suka sunkuyar da kai, tsofaffin baƙaƙe biyu suka juya suka koma motocinsu. Otha ya leƙo da tire cike da kifi, ya ɗaga kai ya gani. Ya taɓa ganin irin wannan zanen yana yaro, a bangon shagon da baƙaƙe ba sa shiga, sai dai a ba su kaya ta taga. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya ajiye tiren a hankali don kar kifi ya zube.

“Wasa ne fa, Otha,” in ji Royce. “Na ga ƙusar ta gaji da zaman banza.”

A nan Dell ya shigo, yau ta ƙofar gaba. Ƙafarsa ta saba, ya ƙame ya ɗaga hannu zai sara, sai idonsa ya sauka a kan abin da ke saman tuta. Hannun ya tsaya a hanya. Ya dubi Royce, ya dubi Otha, Otha kuwa ya ƙi kallonsa.

“Uban wa ya sa wannan a saman tuta?”

“Haba Dell, kai ma ai ba ka son...”

“Rufe mini baki.”

Ya nufi tsani ya kama hawa, gwiwar da ke ciwo ba ta ce komai ba. Tsanin tsoho ne, yana kaiwa tsakiya ya soma rawa. Otha ya goge hannu a gaban rigarsa, ya ɗauko hoton daga kan firij ya maƙale a hamata, ya zo ya dafe tsanin da hannu biyu. Dell ya fizge takardar Royce ya dunƙule ya jefar. Da ya dubo ƙasa zai sauko, sai ya ga firam an miƙo masa.

Kowa a zauren ya zuba musu ido.

“Kai mugu ne,” in ji Dell a hankali.

“Ka riga ka hau.”

Dell ya daɗe yana kallon fuskar da ke cikin gilashin. Ya sassauta murya yadda Otha kaɗai zai ji, Allah ya sa ta gefen kunnen kirki ne.

“Ka tambaye ni me ya sa daban. Na yi ta tunani. Harajin gaskiya ne, Otha. Amma duk sanda na zo hawa sai in ji kamar ubana na tsaye yana kallona.”

“Ubanka ya mutu, Dell. Ni ke riƙe da tsanin.”

Dell ya karɓa ya rataya. Ya rataya shi a karkace, ko da gangan ko bisa kuskure, ba wanda ya sani. Ya sauko ya ƙame ya sara, sarawar da ba ta fi ƙiftawar ido ba, ya nemi kujera ya zauna yana haki. Royce ya tsince takardarsa ya fice, bai ci kifi ba ranar.

Da Otha ya ba Verlene labari, ta ce, “To jam'iyya ce ko fata?”

“Duka biyun, ina jin.”

“Kuma ka haƙura?”

“Ya hau, Verlene.”

Ta yi tsaki, amma ranar Lahadi ta ajiye faranti uku.

Hoton ya zauna a karkace har wa'adi biyu suka cika, Otha ya hana kowa gyarawa. Ba wai garin Tullis ya canza ba ne. Royce bai daina wasansa ba, ya dai koma yi a shagon tayarsa, tsofaffin nan biyu kuma ɗaya bai sake taka zauren ba har ya mutu. Shi ma Dell rediyon motarsa na nan inda take, wani lokaci yakan kwaso maganar da sai Otha ya juya masa kurman kunnen. Amma Otha mutum ne da ya san abin da ya samu, bai kuma raina ba. Yana da kaskonsa, yana da Verlene, yana da abokin faɗa.

Juma'ar da ta biyo bayan hawan tsanin, yana cikin suya ya ji muryar Dell tun daga bakin ƙofa, tana tashi kamar ta mai tallan magani.

“Otha! Ka ji abin da shugabanmu ya sake yi? Maƙaryacin nan sai ya talauta mu. Wallahi ya fi wancan iya ƙarya, ɓarawo mai bakin zuma.”

“Sara masa tukuna, jahili.”

“Na sara.”

Otha ya duba cikin kasko, ya zaɓo tarwaɗar da ta fi kowace girma, ya ɗora masa a faranti.