Ranar da tafasa ta same ni a Guangzhou

Ina buɗe wata leda a ɗakin gwaji, sai ga 'ya'yan tafasa! Lokacin ina ɗalibi a Guangzhou, wajen 2007, aikina gwada magungunan gargajiyar Sin ko suna da fumfuna.

Malamata 'yar Sin ta ce, "Daga ƙasarku aka kawo su. Maganin ido muke yi da su."

Na ce, "Mu ganyen muke kwaɗawa. Innata gwana ce."

Tana fita na ce wa 'ya'yan tafasar, "Sannunku da hanya." Wallahi rabona da yin Hausa har na manta.

Sai gwaji ya nuna suna da fumfuna, ba za a yi magani da su ba. Baƙin da suka taɓa zuwar mini daga gida ke nan, kuma da hannuna na sallame su.

Masu zaman ƙasar waje, ku me ya taɓa karya muku zuciya haka?